Tukunyar Gas Ɗin da Ta Kwana a Buɗe

Ana gab da magariba na ɗora tukwanen gas guda biyu a baro, na ɗaure su da igiyar shanya, na kama hanyar wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa.

Na matata ne. Ɗaya daga cikinsu ce ta yi yoyo a kicin, wuta ta kama zanenta ina wurin aiki. Ba ta wayi gari a asibiti ba. Ta bar ni da 'yarmu, wadda har yanzu takalmin dama take sa wa ƙafar hagu.

Tun daga ranar tukwanen suka zame min kaya. Masu kwasar shara suka ce za su fashe musu a mota. Mai sayar da gas ya ce gindinsu ya yi tsatsa, ko kyauta ba ya so. Wanda muke haya a gidansa kuwa kullum sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka fitar min da su. Gawa ɗaya ta ishe ni a gidan nan."

A gaban yarinyar ya faɗa.

Mai ƙarafa ne kaɗai ya yarda, shi ma da sharaɗi.

"Ka kwance kawunansu, ka cika su da ruwa su kwana, ka zubar, sannan ka kawo. Ko an ce ta ƙare, akwai saura kwance a ƙasa. Ni ba na so a gasa ni kamar uwargidanka."

Ya yi dariya, na kusa da shi suka taya shi. Na haɗiye, don ba ni da wani.

Na ari sifana na kwance kawunan. Sai dai famfonmu ba ruwa, na cikin bokiti kuma na sha ne. Na ce iska ma za ta fitar da sauran. Na kai su kangon bayan gida na ajiye, baki buɗe.

Ƙanwata, wadda ta dawo gidan don riƙe yarinyar, ta biyo ni.

"Yaya, ko kwanon sha ba a barinsa ya kwana a buɗe, balle wannan rami. Ka toshe su."

"Ke dai ji da girkinki."

"Ni dai na faɗa. Kai kaɗai ka rage wa yarinyar nan."

Haka suka kwana.

Hanyar wurin mai ƙarafan ta bi ta bayan wata masana'anta da aka daɗe da rufewa. Doguwar katanga a dama, lambatu a hagu, ba gida ba shago. Tayar baro tana kuka. Tukwanen suna gwaruwa da juna, ƙwal, ƙwal, ƙarar abin da babu komai a ciki.

A tsakiyar katangar sai ƙarar ta canza.

Ɗaya tana nan da ƙwal ɗinta. Ɗayar kuwa, wadda ta yi yoyon, dum take yi, kamar an cika ta.

Baro ya fara rinjaya gefenta. Na ƙara ƙarfi. Kafaɗata ta hagu ta ɗau zafi.

Warin gas ya taso, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ban damu ba. Bayansa sai ƙamshin man da take shafawa in ta yi wanka. Bayan wannan sai ƙaurin gashi.

Na tsaya.

Daga cikin tukunyar aka yi tari. Ɗan gajeren tarin nan nata, wanda take yi kafin ta roƙe ni abu.

"Maigida."

Na dafa hannun baro.

"Maigida, ina za ka kai ni?"

Na san matata tana kabari. Ni na sa ta da hannuna. Na buɗe baki zan yi addu'a, muryar ta riga ni.

"Wurin mai ƙarafa? A kilo za ka sayar da ni?" Ta yi 'yar dariya. "Ai na rage nauyi yanzu, ba za ka samu na kirki ba."

Zolayarta ce sak. Hawaye suka zubo min.

"Ke ce?"

"Wa kake tsammani? Na yi ta kiranka ranar. Na kira, na kira, har maƙogwarona ya narke. Kowa ya zo, ban da kai."

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"To ga ni. Duhu nan ciki, Maigida. Ko kallona ba za ka yi ba?"

Na durƙusa. Na kai ido bakin ramin. Baƙi ƙirin. Iska mai ɗumi tana fitowa tana komawa, tana taɓa min gira.

Numfashi ne.

"Ban gan ki ba."

"Haska. Ashana tana aljihunka."

Tana nan kuwa. Tun rasuwar muka koma gawayi, ba na rabuwa da ita.

Na san me ke kwance a ƙasan tukunyar. An gaya min. Duk da haka hannuna ya shiga aljihu.

Na ƙyasta. Tsinken ya karye.

"Kullum hannunka rawa. Sake."

Na sake. Ta kama.

"Yauwa. Matso da ita. Fuskata ta warke, ka ga."

Na matso.

"In ka gan ni, gobe ka kawo min yarinyar. Ita ma ta leƙo. Ka ba ta ashanar ta riƙe da kanta."

Hannuna ya tsaya cak.

Matata ko bakin kicin ba ta bari yarinyar ta taka. Tana fama da zafin ƙuna a asibiti, abin da take ta maimaita wa ƙanwata shi ne, ku janye ta, ku janye ta.

"Ba ke ba ce," na ce.



Numfashin ya ɗauke.

Sai aka ja iska ciki da ƙarfi. Harshen wutar ya lanƙwasa ya nufi ramin.

Na fizge hannu, na jefa kaina baya.

Wuta ta yi tsiri daga bakin tukunyar da ƙara kamar an yaga kwanon rufi. Ta lashe min hannu da rabin gemu. Na gangara cikin lambatu, ruwan ƙazanta ya shiga min baki.

A sama ana ihu. Ihunta ne, irin wanda maƙwabta suka ji ni ban ji ba. An yi min shi tun daga farko har ƙarshe, ba a rage komai ba. Da ya ƙare sai aka fashe da dariya, da muryarta.

Na bi cikin lambatun da rarrafe. Ban waiwaya ba.

Da safe mai ƙarafa ya je ya turo baron. Ya aiko a gaya min baro yana wurinsa, kuma tukunya ɗaya ce ya tarar a ciki. Ban tambayi ɗayar ba.

Hannun ya warke, gemun bai sake fitowa ta gefen ba. Wannan duk da sauƙi.

A da, in na rufe ido ina jin matata tana min sannu da zuwa. Yanzu duk kalmar tata da na tuno, dariyar nan ce ke biyo bayanta. Na daina tunowa.

Jiya ina ɗaure wa yarinyar ɗankwali ta ɗago kai.

"Baba, yaya muryar Mama take?"

Na ce mata na manta.