Taraktar Alhaji Kolo

Ranar da Nuriyya ta fara ɗora ido a kan Safiyanu, masifa yake zubawa, kuma a gonar mahaifinta.

Kogin Haɗeja ya cika ya fara shiga fadama, ga ƙaramar taraktar mahaifin nata, Alhaji Kolo, ta mutu a tsakiyar lambun tattasai. Ƙarti huɗu sun tura, ko gezau. Sai Tukur, mai neman auren Nuriyya, wanda ba abin da ya iya sai iyayi, ya kawo bijiman noma biyu ya ɗaura mata igiya.

Safiyanu bakanike ne ɗan Kafin Hausa, wucewa yake a babur. Ya diro ya cafke igiyar, ya ce wane marar imanin ne zai ja wannan da shanu? Irin wannan giyarta da mai take aiki; in inji ya mutu tayoyin baya sun riƙe, a ja ta da ƙarfi kuwa an kashe giyar ke nan.

Alhaji ya cika ya yi fam. Safiyanu bai kula ba, ya durƙusa cikin taɓo ya jawo wani siririn ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya, ya maƙale shi. Sai ga tarakta tana tafiya kamar amalanke. Nuriyya ta ajiye kwanon abinci ta sa hannu, har aka kai ta tudu.

Ta harare shi ta ce, "Aiki ka iya, magana ce ba ka iya ba."

"To ki koya min," in ji shi.

Kafin ya tafi ya gaya wa Tukur, da yake shi ne a kusa, cewa ranar da za a tayar da ita a mayar da ƙarfen ciki. Munafukin ya haɗiye maganar.

Wata biyu tarakta na rumfa ana jiran ruwa ya janye, Safiyanu kuwa ya mayar da hanyar Haɗeja kamar ta masallaci. Yana ce mata Hasken Fadama, tana ce masa Sarkin Faɗa. Har manyansa suka sa ranar zuwa tambaya.

Ana saura kwana uku aka gyara inji. Ya tashi da ƙara, amma tarakta ko taku ɗaya. Nan Tukur ya samu abin da yake jira, ya ce ai yaron nan ne ya karya ta. Alhaji bai bincika ba, ya aika Kafin Hausa cewa kada wanda ya tako masa gida, ya kuma kira Safiyanu maɓarnaci a bainar jama'a a ƙofar masallaci. Wallahi abin da takaici, dattijo guda ya biye wa ɗan hassada.

Nuriyya ma ta hau. Ta tura masa saƙo: "Ka kashe wa Baba abin nomansa, ka kashe mana aure. Ka kyauta."

Amsa ta zo nan take: "Har da ke, Hasken Fadama? Je ki bayanta, ki cire ƙarfen nan daga maƙalinsa ki tura shi ciki. In ba ta tafi ba, ki goge lambata."

Ta fita fuu, ta iske Alhaji da Tukur a rumfar. Ta durƙusa ta tura ƙarfen, ta ce, "Baba, don Allah hau ka taka."

Ya taka. Tarakta ta zabura har ta ture tukunyar ruwa. Nuriyya ta miƙe a fusace, ta tambayi Tukur ko ba shi aka gaya wa a mayar da ƙarfen ba. Ya kama kame-kame, ya sulale.

Ta rubuta: "Sarkin Faɗa, na yi laifi."

Ya amsa: "Na huce, amma sunana fa?"

Alhaji bai aika kowa ba. Ranar kasuwar Kafin Hausa ya je da ƙafarsa har garejin Safiyanu, ya tsaya tsakiyar mutane ya ce, "Ɗana, a gaban jama'a na zage ka, a gaban jama'a nake ba ka haƙuri. Ka turo manyanka."

Safiyanu mai bakin nan ya durƙusa a gabansa.

Bayan an kwashe tattasai aka ɗaura aure. Alhaji ya dafa kawunansu ya ce Allah ya raba su da jin maganar wani kafin ta junansu. Duk muka ce amin.