Jan Fenti a Hanyar Baba

"Ajiye gwangwanin nan, Auta!"

Ko waiwaye ban yi ba. Na sake tsoma buroshi cikin jan fenti na shafe farar kibiyar da ke jikin dutsen, ban bar mata ko ɗigo ba.

"Ba zan ajiye ba! In ka isa zo ka ƙwace!"

Dogo ne, mutumin da saura wata guda a ɗaura mana aure. Ya iso yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

Shekara talatin Babana yana raka baƙi wannan hanya. Zagaye ce ta awa uku. Ka tashi daga bayan gidanmu, ka hau tudu, ka wuce dutsen da ya yi kama da raƙumi a durƙushe, ka ratsa tsagar duwatsu, ka biyo ta kufan tsohon gari da rusasshiyar ganuwarsa, sai ga ka inda ka fara. Ba wata wahala, sai dai akwai mararraba a gindin dutsen raƙumi, in ka bi dama ramin da aka taɓa fasa dutse ne a gabanka. Shi ya sa Baba ya yi wa hanyar alamomi da jan fenti, ƙanana, tsaf-tsaf. Ina ƙarama ni ce mai riƙe masa gwangwani. Shi kansa Dogo a hannun Baba ya koyi aikin.

Sai jiya na ji baƙi a ƙofar gida suna yabon sababbin alamomin Dogo. Yau da rana na fito na gani da idona. Ya bi alamomin Baba ɗaya bayan ɗaya ya danne su da farin fenti, manya-manya kamar faifai. Raina ya yi mugun ɓaci. Na koma gida na ɗauko tsohon gwangwanin Baba, na fara daga farko. Sai a kufai Dogo ya cim mini, na kusa gama zagayen.

"Auta, don Allah ki saurare ni..."

"In saurari me? Mutumin nan ya ɗauke ka ba ka san gabas ba ba ka san yamma ba. Ya nuna maka tsohuwar rijiya, ya nuna maka inda mutanen da suke narka ƙarfe, labarin ganuwar nan ma da kake yi wa baƙi suna tafa maka daga bakinsa ka ji. Yanzu ka yi ƙarfi, shi ne za ka shafe shi tun yana raye?"

"Ni? Ni zan shafe Baba?"

"To uban wa ya shafa wannan? Aljanu?"

"Abar ƙaunata, ba yadda kike zato ba ne."

"Kar ka sake ce mini abar ƙaunarka! Wallahi in ka ga na shiga gidanka, to ba ni ba ce. Na fasa, Dogo! Ka auri farin fentinka!"

Maganar ta dake shi, na gani a fuskarsa, kuma a lokacin daɗi na ji. Sai idonsa ya sauka kan gwangwanin, ya ga saura kaɗan a ciki. Nan take muryarsa ta canza.

"Guda nawa kika shafe?"

"Duka."

"Har ta mararraba?"

"Da ita na fi jin haushi. Har sau biyu na shafa mata."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi... Auta, Baba ba ya ganin ja."

"Me ka ce?"

"Idonsa ya tafi, saura kaɗan. Ja da dutse duk ɗaya ne a wurinsa, fari kawai yake iya rarrabewa. Wancan makon a bakin rami na tsince shi, ya bi dama. Ya rantsar da ni kar in faɗa miki, ya ce kina jin haka za ki kulle shi a gida, ki kuma ce ba za ki yi auren ba don ki zauna jinyarsa."

Na kalli rana, la'asar ta wuce. Kullum a wannan lokacin Baba yake ɗaukar sandarsa ya fita zagaye shi kaɗai.

Na yar da gwangwanin muka kwasa da gudu. Ina gudu ina kuka ina zaginsa.

"Mako guda! Mako guda kana cin abinci a gidanmu, kana kallon idona, ka yi shiru!"

"Alkawari na yi masa!"

"Ni kuma fa? Ni ba ka yi mini alkawari ba?"

Muka fito bayan gida, sandar Baba ba ta a inda yake jingine ta. Muka sake hawa tudun da na hau ɗazu ina cika ina batsewa, duk dutsen da na wuce aikin hannuna ne yake kallona.

A gindin dutsen raƙumi muka same shi. Yana zaune a ƙasa daidai mararraba, sanda a kan cinya, tafin hannunsa duk jan fenti saboda lalube.

"Baba!" Na zube a gabansa. "Me ya sa ka ɓoye mini? Ni ce zan zama ta ƙarshen sani? Da ka faɗa ramin nan fa, in ce wa ya kashe ka?"

"Auta ce?" Ya shinshina hannunsa. "Ai tun daga tudu nake jin warin fentina. Na ce wannan ɓarnar mai kauri haka, ba mai yin ta sai ke. Tun kina ƙarama ba ki iya rage buroshi ba."

"Baba, wasa ma kake yi?"

"To in yi kuka? Kin riga ni. Da na rasa farin, sai na ce bari in zauna, yaron nan zai zo. Ya taɓa zuwa."

Na ɗago na kalli Dogo. Haushinsa bai gama fita daga raina ba, ga kuma kunya. Ya sunkuya ya kama Baba ya tashe shi.

"Baba, ta ce ta fasa aurena."

"Ta faɗa?"

"Da rantsuwa ma."

Baba ya lalubo hannuna da hannunsa mai jan fenti, ya lalubo na Dogo, ya haɗa su, fentin ya ɓata mu duka.

"Sai ta yi kaffara. Ku kai ni gida, ƙafata ta yi sanyi."

Muka sa shi a tsakiya muka juya. Da muka yi nisa na yi wa Dogo magana, ban kalle shi ba.

"Akwai sauran farin fentin?"

"Akwai."

"Gobe da sassafe. Kai ka shafa, ni zan riƙe gwangwanin."