Akori-kurar Nuno

"Ɗauke hannunki daga motar wanda zan aura!"

Delfina ba ta san sanda maganar ta fito ba. Tsaye take a harabar kamfanin sayar da motoci a garin Fall River, rigar aikinta duk baƙin mai, ga Brielle mai karɓar baƙi ta jingina da tagar sabuwar akori-kurar Nuno tana ta yi masa fari da ido.

Brielle ta dube ta sama da ƙasa. "Ayya, 'yar gareji... Motar zamani ce wannan, kwamfutarta da mu kaɗai take magana."

Abin takaicin, da gaskiyarta. Delfina ta bi gida-gida neman goyon baya lokacin ƙuri'ar da ta ba ƙananan gareji 'yancin gyaran motocin zamani, amma wannan motar har yau ta ƙi buɗe wa na'urarta ta binciken inji.

"Fina, abar ƙaunata, tsaya ki ji..." in ji Nuno.

"Ƙaunarka tana can jikin taga!"

Ta koma garejin babanta idanu jajir. Tsohon ya fito daga ƙarƙashin mota.

"Dama ban yarda da yaron nan ba. Kina bakaniza, ya kai motarsa hannun wasu? Ba zan ba shi 'yata ba!"

Ranar Asabar wata tsohuwar akori-kura ta shigo garejin tana tari da hayaƙi. Nuno ya sauko.

"Ina sabuwar?" Delfina ta tambaya, fuska a ɗaure.

"Na mayar musu. Brielle ce ta ce in kin taɓa ta garantina ya mutu, kullum sai ta kira ni wai a duba wani abu. Ranar da kika gan mu, mayar da ita na je yi."

"Ka rabu da motar da kake mutuwar so?"

"Motar da ba za ki iya taɓawa ba, me zan yi da ita?"

Hawaye suka cika mata ido. Baban ya leƙa injin ya yi tsaki.

"Wannan ba za a gyara wa kowa ita ba sai surukin gida. A sa rana."

Delfina ta kama kwalar Nuno.

"Wa ya sayar maka da ita?"

"Wani tsoho mai sanƙo."

"Yana da 'ya?"

"Fina!"

Ta fashe da dariya ta faɗa ƙirjinsa, baƙin mai duk ya ɓata masa farar riga.