Wanda Bai Kalli Majigin Ba

Ni dai ban taɓa kallon fim har ƙarshe ba. Da injin ya fara gurnani sai barci ya kwashe ni, in farka ana naɗe ƙyallen majigi. Don haka kada a tambaye ni yadda fim ɗin da ya jawo wannan magana ya ƙare. Abin da ya biyo bayansa na sani, shi ma daga bakin 'yan sanda, kun kuwa san su da ƙarin gishiri.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya sayi babur, amma man da za a zuba masa sai an bi ta bayan fage. An gama yaƙi, sojoji sun yi yawa, aka rasa inda za a kai su, sai aka baza su kan hanyoyi suna tsaron shinge.

Wata rana da hantsi Audi Mai-majigi ya faɗo caji ofis na Ƙanƙara ko sallama babu. Shi ne mai yawo ƙauyuka da injin nuna fim a bayan wata tsohuwar akori-kura. Ya ce an sace masa fim a Daudawa, gwangwanayen da yake ciki duka, kuma haya ya ɗauko su daga Kaduna, in ba a gan su ba ya mutu ya lalace.

Sufeto Gide, wani dogo mai yawan duba agogon da ba ya aiki, ya tambaye shi wa ke kwana da kayan.

Sai a nan Audi ya tuna. Ai Ɗanasabe ne, mai yi wa mutane bayanin fim a lasifika. Shi ma ba a gan shi ba.

"Mutum ya ɓata, ka fara mini da gwangwani?"

"Ranka shi daɗe, gwangwanin ba nawa ba ne."

Audi ya rantse Ɗanasabe ne ɓarawon. Sufeto ya sa Kofur Hadi ya tayar da Landiroba.

A zauren da su Audi suka sauka a Daudawa, injin majigi na nan, injin wuta na nan, lasifika na rataye. Duk wanda ya zo sata don kuɗi, waɗannan zai ɗauka. A bakin ƙofa ga takalmin Ɗanasabe ƙafa ɗaya, ga kuma sawun da aka ja mutum a ƙasa har zuwa inda tayar mota ta tsaya.

Sufeto ya ɗaga takalmin ya nuna wa Audi. Audi ya ce to, wataƙila da gaggawa ya gudu.

Daga nan Sufeto ya daina zama. Wanda aka ja a ƙasa ba ya daɗewa da rai a hannun waɗanda suka ja shi, ya san wannan tun yana kurtu.

Barakatu mai ƙosai ita ce ta fi kowa ganin fim ɗin, don a gindin ƙyallen take kafa kaskonta. Ta ce fim ne na ban dariya, amma irin dariyar da mutum zai yi ya waiwaya. Wasu sojoji ne ke sayar da komai na barikinsu, mai, barguna, magani, har akwatin gawar abokinsu suka sauke gawar suka cika shi da sukari. Shugabansu Saje Nata'ala. Mai saye kuma Alhaji Mani na Sabuwa.

Sufeto ya dube ta. Saje Nata'ala mutum ne da ke raye, yana tsaron shinge a Faskari. Alhaji Mani kuwa babban ɗan kasuwa ne.

"Su aka nuna a ƙyallen?"

"Haka dai Ɗanasabe ya ce sunansu."

Da aka matsa wa Audi, sai ya faɗi yadda aikin yake. Fim ɗin na Turawa ne, cikin wani yare da ko malamin makarantar Faskari ya ce ba Ingilishi ba ne. Ɗanasabe bai san abin da suke faɗa ba, shi ma Audi bai sani ba. Ɗanasabe kan dubi bakinsu ne ya ƙaga musu magana, ya raɗa musu sunayen mutanen gari, ya mai da garinsu Faskari, dajinsu dajin Sabuwa. Haka ake yi ko'ina. Saurayi kan ba shi goro don a sa wa jarumi sunansa a gaban budurwa, wani kuma ya ba da don a sa wa jaki sunan surukinsa.

Sufeto ya tambaya wa ya ba da goron Saje Nata'ala. Audi ya ce bai sani ba, yana kallon ƙasa.

Shingen Faskari gangunan mai ne guda biyu da gora a gicciye. Saje Nata'ala na zaune a inuwa, ya tuɓe takalmi, ana yi masa fifita da kwali. Gashin bakinsa ya murɗe kamar ƙahon rago.

Sufeto ya zo da shirin faɗa, sai ya tarar da mutum cikin nishaɗi. Saje ya ce shi da kansa ya ba da goron. Duk garin da aka kai majigin sai ya bi, don sajen cikin fim ɗin shi ke da gashin baki, shi ke samun mace mai farin gashi, kuma ba a taɓa kama shi ba. Tun daga nan har 'yan mata ke gaishe shi a hanya.

Batun sayar da man soja fa? Saje ya dafa ƙirji ya ce bai taɓa ko jin labari ba. A bayansa wani kurtu na zuƙo mai da tiyo daga tankin motar soja zuwa jarka.

"Sufeto, in ina son Ɗanasabe, da rana tsaka zan ɗauke shi, in aiko maka da gaisuwa. Mi zan yi da gwangwani? Ni na kalli abin, na san Bature ne."

"Alhaji Mani fa, shi ma goro ya bayar?"

Saje ya yi dariya har da tari. Ya ce Alhaji ba ya zuwa majigi, yana cewa aikin shaiɗan ne. Rabonsa da kallo tun zamanin da majigin gwamnati ke zuwa nuna yadda ake shuka auduga.

Sufeto ya koma mota bai yi sallama ba. Ya tuna majigin nan na da, shi ma ya kalla yana yaro. Ba wasa ake yi a cikinsa ba. Mutanen gaske ake ɗauka, hakimi na gaske, malamin gona na gaske, har wani ya ga baffansa yana auna auduga ya yi ta kiransa. Mutumin da iyakar saninsa da majigi ke nan, in aka zo aka ce masa jiya an nuna shi yana sayen man soja, me zai ɗauka?

Hanyar Sabuwa ba hanya ba ce, ra'ayi ne. Landiroba ta yi ta faɗawa rami tana fita, Audi a baya yana salati, Sufeto yana buga gaban motar da tafin hannu kamar hakan zai ƙara mata gudu. Sau biyu suka sauka suka tura.

Sun tarar da Alhaji Mani a shagonsa bayan azahar, tsakanin buhunan gishiri da katan-katan na madara. Mutum ne mai jiki, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Ya sa baƙin tabarau a cikin shago mai duhu.

Ya karɓe su da fara'a, ya sa a kawo lemo. Bai san wani Ɗanasabe ba. Bai je Daudawa ba tun damina. Motarsa akori-kura tana gareji. Majigi kuwa, Allah shi kiyashe shi.

Sufeto ya roƙe shi ya cire tabarau. Idanun sun yi jajir, suna ta zubar da ruwa. Alhaji ya ce ciwon ido ne ke yawo. Yaron shagonsa, wani ƙato mai suna Harisu, shi ma idanunsa haka suke, kuma a cikin garin kaf ba wanda ciwon ya kama sai su biyu.

Wannan ba hujja ba ce, Sufeto ya sani. Ya fito ya tsaya a bakin kasuwa yana duba agogo, rana tana karkata. Ba zai iya fasa gidan Alhaji don jan ido ba, kuma ko ya fasa, mai hankali ba ya ajiye irin wannan kaya a cikin gari.

Audi ne ya yi ƙara. Wata mata ce ta wuce da dammin itace a ka, an ɗaure shi da wani baƙin abu mai sheƙi, mai ƙananan huji a gefe.

"Fim ɗina! Da fim ɗina ta ɗaure itace!"

Sunanta Kyauta, daga wata unguwar Maguzawa a cikin daji. Ta ce ita ba ta saci komai ba, a bayan gidan gonar Alhaji ta tsinta, an zubar da shi tuli guda, kuma ya fi igiyar rama ƙarfi. Ta ce tun safe take jin wani yana ta surutu a ciki, ta ɗauka rediyo ne.

Sufeto ya aika Kofur Hadi ya taho da Alhaji da Harisu, ko suna so ko ba sa so, shi kuma ya sa Kyauta ta nuna musu hanya shi da Audi.

Gidan gonar yana bayan wata ƙorama, an kewaye shi da dannin ƙaya. A tsakar gidan fim ya warware ko'ina, ya hau rumbu, ya naɗe turmi, wata akuya na taunar wani. A gindin bishiyar ɗorawa ga Ɗanasabe ɗaure, ƙafa ɗaya ba takalmi, leɓensa a fashe, muryarsa ta dushe. Wani mai gadi na tsaye a kansa da adda, yana ɗaga fim ɗin sama yana hangen rana ta cikinsa.

Gwangwani ɗaya ne ya rage, shi ma saura kaɗan.

Da aka karɓe addar mai gadin, aka kwance Ɗanasabe ya sha ruwa, sai ya ba da labari. Alhaji ya ce sai ya nuna masa wurin da aka ɗauke shi hoto, ya kuma faɗi wanda ya ɗauka, daga nan a san yadda za a yi da shi. Ya rantse musu Turawa ne, suka ƙara masa mari. Da ya ga gaskiya ba ta da kasuwa, sai ya koma sana'arsa. Duk hoton da suka ɗaga, sai ya ce ai wannan hanyar zuwa ce, Alhaji na gaba kaɗan. Haka suka wuni suna kallon rana.

Sufeto ya tambaye shi wa ya ba shi goron Alhaji.

"Ba kowa, yallaɓai. Bature ne ya fito da tumbi. Duk ƙasar nan wa zan ce?"

Aka shigo da Alhaji Mani. Ya dubi tsakar gidan, ya dubi Ɗanasabe a kwance, ya zauna bisa turmi. Sufeto ya tsinko guntun fim daga gwangwanin ƙarshe, ya ɗaga ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya girgiza kai kamar mai jimami. Bai ce ya ga komai ba.

"Na fito ko?" in ji Alhaji a hankali.

"Kai za ka faɗa mini, Alhaji."

"Ranar da aka sauke kayan bayan rumbu ne. Na ji a jikina ana kallona."

Shi da kansa ya tashi ya kai su. A bayan rumbun, ƙarƙashin karan dawa, gangunan mai ne jere masu koren fenti na soja, da barguna, da katan-katan na magani. Ya amsa cewa shi ya tura Harisu da mai gadi Daudawa. Ya ce bai yi niyyar kisa ba sai in ta kama. Abin da ya fi ci masa rai, a cewarsa, gwamnati ta ɗauki hoton dattijo kamarsa ba ta ko aiko an gaya masa ya sa babbar riga ba.

Da Kofur Hadi ya sa masa ankwa, sai ya roƙi alfarma ɗaya, a nuna masa. Sufeto ya miƙa masa guntun fim ɗin. Alhaji ya ɗaga hannuwansa biyu a haɗe, ya kanne ido, ya duba. Wani Bature ne mai sanƙo cikin babban kwat, yana riƙe da kaza.

Ya daɗe bai sauke hannu ba.

"Wannan ba ni ba ne."

"A'a."

"To, Sufeto, abin da na faɗa ɗazu..."

"Na ji shi sarai."

Aka sa shi a bayan Landiroba tare da Harisu da mai gadi. Ɗanasabe ya zauna gaba, aka bar Audi yana bin akuya yana ƙwatar abin da ya saura.

Sufeto Gide ya samu yabo daga sama, aka ce ya tona asirin masu sayar da kayan gwamnati. Gangunan kuwa, da yake na soja ne, doka ta ce a mayar wa soja. Saje Nata'ala aka turo ya karɓa.