Tekun da Aka Wanke

Jiragen feshi marasa matuƙa suka tashi daga hasumiyar Tudun Ruwa, suka bi saman baƙin man da ya malale a teku, suna zuba maganin Narkau kamar yayyafi. Barira, injiniyar da ke sarrafa su, ta jingina da kujera tana kallon allo. Wannan ne karo na uku da bututun ƙarƙashin teku ya fashe a bana, har ta daina mamaki.

Narkau ba ya kwashe mai. Farfasa shi yake yi ya zama ƙananan ɗigo waɗanda ido ba ya gani, wasu su nutse, wasu iska ta kwaso su tare da tururin teku. Kafin azahar ruwa ya koma shuɗi, tauraron ɗan'adam ya ɗauki hoto, manyan jiragen kaya su ci gaba da shigowa.

Gambo, yayan Barira, yana cikin masu kwale-kwalen da ke bin bayan feshin suna tsince matattun kifaye. Da fari idanunsa ne suka yi ja, sannan fatar hannunsa ta fara saɓulewa. Daga baya tari ya kama shi, har ya soma tofar da jini.

A asibiti likita ta nuna wa Barira hoton huhunsa. "Man shi kaɗai ba zai kai nan ba," in ji ta, murya a gajiye. "Maganin ne ya yi masa hanya. Ɗakin nan duk irinsa ne."

Washegari Barira ta sami shugaban hasumiya.

"Ranka ya daɗe, a dakatar da feshin nan. Mutane yake ci."

Ya murza idanunsa. "Na sani, injiniya. Amma in ruwa ya kwana baƙi, jirage su juya, garin ya mutu. Majalisa ta riga ta samo mafita."

Mafitar ita ce rumfar gilashi. Aka lulluɓe birnin da ita, aka kafa injinan tace iska, aka haramta zuwa gaɓa. Mutum-mutumi suka karɓi aikin masu kwale-kwale. Feshi kuwa aka ninka shi, tunda yanzu babu wanda zai shaƙa.

Ranar da aka kammala rumfar, Barira ta je duba yayanta. Yana kwance, na'ura na taya shi numfashi.

"Ƙanwata, buɗe mini taga in ji iskar teku."

Ta taɓa tagar, ta ga an liƙe ta da ƙarfe.

"Yaya, ba ta buɗuwa kuma."

Ya daɗe yana kallon ruwan ta cikin gilashi, shuɗi fes, babu tsuntsu ko ɗaya a samansa.

"Ya yi kyau kam," ya ce a hankali. "To, wa aka wanke wa?"

Ta gyara masa bargo, ta zauna.