Kujerar Bayan Landiroba

"Ba zan bar ta ba, Baba Tanimu," in ji Mansura. "Kujerar asali ce fa."

Bakaniken ya goge hannunsa da tsumma. "'Yata, motar da ta yi shekara da shekaru a gindin tsamiya ba a kwashe ta duka. Ana bar wa masu wurin abin zama."

Mansura ta yi dariya. Tun tana firamare take mafarkin tsohuwar Landiroba irin wadda kakanta ya tuƙa, sai ga shi ta tsinci wannan a wani kango a Iku. Ta sa aka janyo ta da kujerar da komai. Wata da watanni tana jigila zuwa garejin Baba Tanimu a Gauraka, har injin ya tashi.

Ran nan bayan isha'i ta kama hanyar Suleja ita kaɗai. Ba ta yi nisa ba ta ji bayan motar ya nutsa, kamar an ɗora buhunan masara. Warin ɗanyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye ya cika motar. Kujerar ta yi ƙara a hankali, irin ta mai gyara zama.

Ta buɗe baki za ta yi addu'a, harshe ya ƙi. A madubi babu kowa, sai tsohuwar fatar kujerar da ta lotsa.

"Sannu da tuƙi, jikata," in ji wata murya daidai kunnenta na hagu, mai sanyi kamar ruwan randa. "Tunda kin ɗauko mu, ina gidan?"

Har yau Mansura ta ƙi sayar da motar. Amma babu mai yarda ya shiga, kuma kunnen nan bai sake jin komai ba.