Darasin Turancin Umma

"Sau uku, Juwairiyya! Sau uku kina faɗuwa jarabawar Turanci ɗaya?"

Mijina Sharhabil ne a waya daga Ingila, inda ya shekara biyu yana aikin jinya. Sai na ci jarabawar nan za a ba ni bizar bin sa.

"Ka yi haƙuri, masoyina... kaina ne ba ya ja."

"Kewarki ta kusa kashe ni, Juwai," ya faɗa, ya ajiye wayar.

Ashe mahaifiyarsa, Hajiya Asabe, tana jinmu daga kan gado. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki. Tsohuwar malamar Turanci ce, kuma wallahi ciwo bai rage mata faɗa ba.

"Zo nan. Mece ce ma'anar run?"

"Gudu, Umma."

"Sai me?"

"Gudanar da kasuwanci. Tsayawa takara. Zubar ruwa a famfo..."

"Masu ma'ana ɗaya da ita fa?"

"Sprint, dash, jog, race." Bakina ya zubo su kafin in kama shi.

Sai ta ce:

"Shekara talatin na yi da alli a hannu. Na san ɗalibin da bai sani ba, na san wanda ya ƙi rubutawa. Me kike yi a ɗakin jarabawar?"

"Zama kawai nake yi..."

"Saboda ni?"

Na kifa kai a cinyarta, kuka ya ƙwace min.

"Umma, in na tafi wa zai kula da ke? Baƙuwa ba za ta iya da ke ba!"

"Shi kuma ɗana ya tsufa shi kaɗai a cikin sanyi? Ki koma ki ci. In kika sake faɗuwa, ban yafe ba."

Ya zan yi? Ina sonsa, ina sonta, kuma ta ɗaure ni. Na koma, na ci.

Ranar tafiya mota na jira a ƙofar gidanmu na Unguwar Rimi, ina ta maimaita wa matar da aka ɗauko don jinyar Umma lokutan magani. Umma ta kira ni a hankali.

"'Yata, juya ni in fuskanci bango. Ba na son in ga fitarki."

Na juya ta, na gyara mata bargo. Kafaɗarta mai lafiyar tana ta rawa har na ja ƙofa.